Tambaya da Amsa: Me ya sa da yaro ya fara cin ƙwallo sai mu neme shi mu rasa?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah ina da tambaya. Ni dai abin nan ya ishe ni, kulob ɗin da nake goyon baya duk kaka sai mun ɗauko yara sababbi, da zarar ɗaya ya fara zura ƙwallaye har mun fara yi masa kirari a sitadiyam sai kawai ka ji wai ya tafi, kuma in ka tambaya nawa aka sayar da shi babu mai ba ka amsa. Rashin kuɗi ne ko rashin kishi? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Ka yi haƙuri in fara da abin da ba za ka so ji ba, ƙaramin kulob kam dole ya rabu da 'yan wasansa masu kyau, yaron da ake ba albashin da bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu uku ba in aka nuna masa dala ai ko kai ne ubansa cewa za ka yi Allah ya kiyaye hanya. Tafiyar ba ta dame ni ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ya tafi a bar kulob hannu rabbana.

Dubi Leicester. Sun ɗauko Mahrez daga Le Havre a 2014 da kuɗin da bai kai rabin fam miliyan ɗaya ba, Vardy fam miliyan 1 daga Fleetwood, Kante kuma daga Caen a 2015 kusan fam miliyan 5 da rabi. Suka ci Firimiya a 2016, ko kofin bai gama zagaya gari ba Chelsea ta zo ta ɗauke Kante a kan kusan fam miliyan 30, magoya baya suka yi ta kuka kamar yadda kake yi yanzu, amma da irin wannan kuɗin ne aka kawo Ndidi daga Genk a Janairun 2017, Mahrez kuma da ya tashi tafiya Man City a 2018 fam miliyan 60 ya bar musu. Wannan ai ciniki ne. To amma su ɗin dai, Tielemans da suka saya kusan fam miliyan 40 a 2019 suka zuba ido kwantiraginsa ya ƙare, a 2023 suka faɗi daga Firimiya shi kuma ya wuce Aston Villa ko sisi ba a ba su ba. Wancan lokacin sun sa ido a kan takarda, wannan karon sun yi sake.

Mu a nan gida abin da ya fi yawa kenan. Akasarin kulob ɗin lig ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, sai an saki kuɗi ake motsi, shi ya sa ake yawan ba yaro kwantiragin kaka ɗaya, in kakar ta ƙare shi da kulob babu bashi babu lamuni, ejan ya riƙe hannunsa su wuce. Na taɓa tsayawa a bakin wani filin tiranin na ga yaro da but ɗinsa a leda ya sa hannu a takarda shafi ɗaya a kan bonet ɗin mota, ko karantawa bai yi ba, wanda ya miƙa masa biro ma sauri yake zai tafi ɗaurin aure. Irin wannan takardar ce za ka je ka yi ciniki da Bature da ita?

Wani abin kuma, ba duk wanda ka ga ya sa rigar kulob ne na kulob ɗin ba. Ahmed Musa da ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, daga akadami ta GBS ta Jos ya fito aka ba da shi aro, kuma da ya tafi VVV-Venlo a Holan sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga musu, saboda dokar FIFA ba ta yarda a fitar da yaro ƙasa da haka ba sai da wasu 'yan dalilai. Kenan kafin ka zagi shugabanni ka fara tambaya, yaron namu ne ko ɗan aro ne.

Kulob mai wayo abin da yake yi, da ya ga yaro ya fara haske sai ya ƙara masa albashi ya ɗaure shi shekara uku tun kafin ejan ya ji ƙamshi, in an zo saye kuma ya sa a rubuta cewa duk ranar da aka sake sayar da shi yana da kaso a ciki. Charleroi ta Beljiyam ta mallaki Osimhen a 2019 a kan kusan yuro miliyan 3 da rabi, cikin 'yan makonni ta sayar wa Lille da ninkin ba ninkin.

TAMBAYA: Malam mu muna da ƙaramin kulob na unguwa, in yaronmu ya je Turai muna da wani haƙƙi? Daga wani koci a Zariya.

AMSA: Kuna da shi Koci, in har kun yi masa rajista. FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, a raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, kowa gwargwadon shekarun da ya yi a hannunsa. Amma fa abin da ke rubuce a wajen hukumar ƙwallo ake dubawa, hoton da kuka ɗauka tare a filin makarantar firamare ba zai karɓo muku ko kwabo ba. Gobe da safe ka kwashi sunayen yaranka ka nufi ofishin FA, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha.