Me ya sa garkuwar jiki take yaƙar hanji?

Tambaya: Ƙanena ya shafe wata biyar yana zawo da jini, mun yi ta ba shi maganin atini a banza. Da likita ya leƙa babban hanjinsa da na'ura, sai ya ce gyambon kolaitis ne, wai garkuwar jikinsa ce take kumbura hanjin, kuma sai an yi masa gwajin tarin fuka kafin a fara masa allura. Ina haɗin tari da hanji?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Abin da ya raba cikin hanji da jinin mutum shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, wadda take sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, alhali a samanta akwai bakteriya marasa adadi, yawancinsu masu amfani. Ƙwayoyin wannan shimfiɗar suna da masu gadi da ake kira TLR. Ɗaya daga ciki, TLR5, mai gane wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, an dasa shi ne a bayan shimfiɗar, ta yadda ba ya yin kururuwa sai baƙo ya riga ya keta katanga. Idan ya yi, saƙon yana isa ga wani furotin mai suna NF-kB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a 1986, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar ya sa a saki sinadarai irin su TNF, waɗanda suke kiran fararen ƙwayoyin jini. Wannan taron shi ne kumburi, kuma a lokacin atini shi yake ceton mutum.

Matsalar ƙaninki ita ce ba a sallami taron ba. Jiki yana da sinadarin da yake cewa a dakata, wato IL-10, kuma a 1993 masu bincike sun nuna cewa ɓerayen da aka hana su yin sa suna kamuwa da kumburin hanji mai daɗewa. Idan kira ya rinjayi sallama, kumburin yana ƙara yaga shimfiɗar, bakteriya su ƙara shiga, jini ya fita a bayan gida.

Allurai irin su infliximab, wadda Amurka ta amince da ita a 1998, suna kama TNF ne su hana shi aiki. To amma da TNF ɗin nan jiki yake killace ƙwayar tarin fuka da take kwance shiru a huhun mutane da yawa a ƙasar nan, don haka idan aka danne shi tana iya farkawa. Likitan ya yi daidai, kuma ina roƙonki kada ku yi gaggawar karɓar allurar kafin sakamakon gwajin ya fito.