Hawan jinin da bai yi nisa ba: kayan sha za su wadatar?

Ɗan'uwa, ka ce awonka yana kai 138/88, kana tambaya ko abubuwan shan da ake tallatawa za su sauke shi ba sai ka fara ƙwaya ba.

Wasu suna taimakawa, amma kaɗan. Ruwan bitrut, wani jan kayan lambu mai girma a cikin ƙasa kamar karas, yana ɗauke da sinadarin naitiret da jiki ke juyawa ya buɗe jijiyoyin jini, kuma da zarar ka daina sha amfanin ya tafi. Shayin zoɓo ma an gwada shi a Jami'ar Tufts ta Amurka, sakamakon ya fito a 2010: kofi uku kullum na mako shida ya rage lambar farko ta awon, wato irin 138 ɗinka, da kusan maki 7. Ba tare da sukari ba, ka ji.

Garin da ake zubawa a ruwa, mai alkawarin warkarwa cikin mako guda, ni dai ban yarda da shi ba. Duba jikin gwangwanin. In akwai sinadarin potassiyom mai yawa kuma kana da ciwon ƙoda, ko kana shan lisinopril, wani maganin hawan jini da zuciya, tambayi likita tukuna.

Gishiri fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Rage shi, ka riƙa auna jininka safe da yamma kana rubutawa, ka kai wa likita takardar.