Ranar idi ta yara ce, sauran makon na makaranta ne

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso ni, na karanta shi a natse. Ina gajiya, ya yaran, ya maigidan naki? Allah ya raya mana su bisa tafarkin gaskiya.

Kin ce Sallah za ta faɗo a tsakiyar zangon karatu, makarantar yaran kuma ba ta ba da hutu a ranar. Maigidanki yana son a cire su mako guda cur a tafi gaishe-gaishen dangi, ke kuwa hankalinki bai kwanta ba, domin ƙaramar ba ta daɗe da fara haɗa baƙi ba, babban kuma jarrabawa na gabansa. Kika ce in gaya miki abin da ya dace, da kuma ko laifi ne yaro ya shiga aji ranar idi.

To, ki fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: abin da addini ya ɗora, da abin da jama'a suka ƙara a kai saboda daɗin haɗuwa. Ƙaramar Sallah rana ɗaya ce, 1 ga Shawwal. Babbar Sallah 10 ga Zulhijja ce, sai kwanakin tashriƙi uku da ke bin ta, 11 da 12 da 13. Sallar idin kanta raka'a biyu ce da hantsi, sai huɗuba, kafin rana ta take an watse. Abin da aka haramta a ranar shi ne azumi. Ba a hana aiki ba, ba a hana ciniki ba, ba a hana karatu ba. Saboda haka yaron da ya yi sallarsa ya wuce aji bai yi zunubi ba, iyayensa ma haka. Wannan ki cire shi daga ranki.

Amma kada ki ɗauka ina cewa ki tura su makaranta ranar. A'a. In da hali, wannan rana tasu ce, kuma ni dai ba zan ba da ita ba sai dole. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina da wasu ranaku biyu na wasa, ya shaida musu cewa Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, wato idodin nan biyu. Ranar da Sayyadina Abubakar ya tsawata wa 'yan mata biyu masu waƙa a ɗakin Nana A'isha, Annabi ya ce a ƙyale su, kowace al'umma da idinta, wannan kuwa namu ne. Kin ga ashe murnar ma tana cikin addinin. Yaron da ya tashi yana ganin ana rufe makaranta da ofisoshi saboda bikin wasu, nasa kuwa ana wuce shi kamar kowace Talata, ko bai faɗa ba akwai abin da ke zama masa a zuciya. Zai ɗauka nasa ne ƙarami. Darasin lissafi na rana ɗaya ana rama shi da yamma ɗaya. Wancan tunanin in ya zauna, fitar da shi sai an sha wuya.

Inda na rabu da maigidanki shi ne maganar mako guda. Sada zumunci abu ne mai girma, ban musa ba, kuma na san abin da ke ransa: yana son yaransa su san danginsu. Sai dai zumunci ba shi da ranar da aka ƙayyade masa, ana yin sa a ƙarshen mako, ana yin sa a dogon hutu. Karatu kuwa yana da jadawali, kuma malami ba ya tsayawa jiran wanda ya yi tafiya. Ga yaro babba, kwana biyar na nufin ya kwafi rubutun abokinsa ya yi ta fama. Ga ƙarama irin taki abin ya fi haka, domin a wannan matakin darasin yau a kan na jiya yake zaune, wadda ta rasa mako sai ta dawo ta tarar ana wata magana da ba ta ji farkonta ba. Daga nan wasu yaran ke fara yin shiru a aji, a ce ba su da ƙoƙari, alhali ba haka ba ne.

Kuma ki sani wannan ba matsalar bana kaɗai ba ce. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya da makarantu ke bi kuwa 365, saboda haka kowace shekara Sallah takan matso gaba da kwana 10 ko 11. Ki duba: ƙaramar Sallah ta 2023 ta kama 21 ga Afrilu a ƙasashe da yawa, ta 2024 ta kama 10 ga Afrilu, ta 2025 kuwa 30 ga Maris a wasu wurare, 31 a wasu. Sai an yi kusan shekara 33 kafin ta zagayo inda ta taso. Yaron da zai yi shekara goma sha biyu a firamare da sakandare, Sallah za ta gusa masa fiye da wata huɗu kafin ya gama. Wata shekarar ta faɗo cikin hutu, ku sha bikinku yadda kuke so, wata kuma ta faɗo a bakin jarrabawa. Tun da haka ne, ku tsayar da ƙa'ida ɗaya a gidan da yaran za su sani, maimakon kowace shekara a sake jan wannan igiyar.

Yanzu ga abin da na fi son ki riƙe. Ki nemi izinin ranar a fili, a rubuce, tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar Sallah tana da sauƙi, domin da an ga watan Zulhijja kin san ranar saura kwana tara ko goma. Ƙaramar ce mai wuyar sha'ani, tun da sai daren da azumi ya cika 29 ake sanin ko gobe ce ko jibi. Sai ki rubuta wa shugaban makarantar tun tsakiyar azumi, ki ambaci ranakun biyu, ki ce ɗaya daga ciki yaran ba za su zo ba, za ki tabbatar da wacce ce da zarar an sanar da ganin wata. Malamai da yawa ba su san dalilin wannan rashin tabbas ba, layi biyu na bayani ya ishe su. Ki kuma roƙi aikin da za a yi a ranar a ba yaran su zo da shi gida.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a buga waya a ce yaro ba shi da lafiya. Iyaye da yawa na yin haka don gudun dogon bayani. Ki yi tunani: yaro ya gama ganin an yi wata guda ana azumi, ana ce masa ƙarya na ɓata shi, sai ga uwarsa ranar idi tana shara ta a gabansa, gobe kuma shi zai je ya ci gaba da riƙe ta a gaban malaminsa. Ya koyi ƙarya, ya kuma koyi cewa idinsa abin ɓoyewa ne.

Neman izinin ba roƙon alfarma ba ne a wurare da yawa. A Ingila, dokar ilimi ta 1996 ta ce ba a kama iyaye da laifi in yaro ya ƙi zuwa a ranar da addininsu ya keɓe domin ibada. Ki lura, ranar ta ce, ba kwanakin tafiya da dawowa ba. Faransa, wadda ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004, a wannan shekarar ma'aikatar iliminta ta fitar da umarnin cewa ana iya ba ɗalibai izinin fashi a manyan bukukuwan addininsu. Birnin New York na Amurka kuwa tun 2015 ya sa idodin biyu cikin ranakun da ake rufe makarantun gwamnati, bayan iyaye sun yi shekaru suna nema. Ba mu kaɗai ke wannan fama ba ma: Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke Kirsimeti, in suna zaune a wata ƙasa sukan tarar an riga an koma karatu, Yahudawa ma haka suke yi da manyan ranakunsu. Ki tambayi makarantarku abin da ƙa'idarta ta ce, kuma in akwai wasu iyayen da abin ya shafa ku je tare, an fi sauraron mutum goma a kan mutum ɗaya.

Saura maganar babban. In gwajin aji ne, malami na iya ɗaga masa zuwa wata rana, ki nema. In kuwa babbar jarrabawa ce ta hukuma, wadda aka tsayar wa dubban ɗalibai rana ɗaya, ba za a ɗaga ta saboda shi ba, kuma bai kamata ya yi asarar shekara ba. Ya yi wanka, ya sa sabbin kayansa in makaranta ta yarda, ya je masallacin da ya fi saurin tayar da salla, ya wuce. In lokacin ya ci karo gaba ɗaya, ya zauna jarrabawarsa. A mazhabar Malikiyya sallar idi sunna ce mai ƙarfi, ba farilla ba, wanda ta kuɓuce masa kuma yana iya yin raka'o'insa biyu daga baya. Layya ma ba dole a yi ta ranar farko ba, kwana uku ne a wurin Malikawa, huɗu a wurin Shafi'awa, kodayake ranar farko ta fi falala. Ku dai jira shi da murnar har ya dawo, kada ya tarar an gama komai ba shi.

Shi kuma maigidan naki kada ki tare shi da cewa Gwaggo ta ce. Ki ɗauko jadawalin makarantar ku zauna tare, ki nuna masa ranar jarrabawar yaron da ranar da za a ba da hutu, ki ce a yi idi a gida, a kira tsofaffi a waya yaran su gaishe su ɗaya bayan ɗaya, tafiyar kuma a sa ta makon farko na hutu, a ƙara mata kwanaki. In ya ce dangi za su yi ƙorafi, ki ce ya turo su wurina.

Ki gaishe shi, ki shafa min kan yaran. Allah ya ba babban sa'ar jarrabawa, ya nuna mana Sallar lafiya.

Gwaggonki.