Amsa ga 'yar uwar da maigidanta ke ajiye fetur a kicin

Wallahi 'yar uwa, da na ga kin ce maigida yana ajiye jarkar man janareta a lungun kicin, kin yi magana ya ce tsoro ne ya yi miki yawa, sai da gabana ya faɗi. Don Allah kada ki yi shiru.

Mu maƙwabci ne ya ja mana a gidan haya. Bumburutu yake yi, jarkoki jere a bakin ɗakinsa. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na kai ƙara wajen mai gidan, ya ce tunda yana biyan haya ba ruwansa. Da hunturu matarsa ta hura gawayi a tsakar gida, ba ma kusa da jarkokin ba. Amma tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, shi ya je ya iske garwashin. Ƙara kawai muka ji. Ƙofarmu ta kama, taga kuma da ƙarfe, ni da yara muna ciki muna ta salati, hayaƙi ya shaƙe mu, sai da samarin unguwa suka ɓalle ƙarfen. Gadona na aure, takardun makarantar yara, duk sun zama toka. Har yau autata in ta ji an ƙyasta ashana sai ta ruga bayana. Shi kuwa ko jaje bai zo ba, ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar. Na bar shi da Allah.

Ki samu wanda maigidanki yake jin nauyinsa, mahaifiyarsa ko yayansa, su yi masa magana. A fitar da jarkar waje, cikin inuwa, a rufe ta gam, nesa da inda ake girki. Kuma kada a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi. Ki ajiye bokitin yashi, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, ƙara baza ta yake yi, a gabana aka gwada.

Makullin ƙofa kuma ya kwana a wuri ɗaya da kowa ya sani, har yaran. Ki koya musu in hayaƙi ya cika ɗaki su yi rarrafe su fita, kada su ɓuya a ƙarƙashin gado. Lambar gaggawa 112 ce, ki nemi ta 'yan kwana-kwanan garinku ita ma ki sa a wayarki yau ɗin nan.