Tambaya da Amsa: Me ke tsayar da jinin rauni, kuma a ɓare ɓawon ciwo ko a bar shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa. Makon jiya ɗana mai shekara 9 ya yanke a ƙauri da lauje yana yankar wa awaki ciyawa. Jinin ya zuba na ɗan lokaci sannan ya tsaya da kansa, yanzu kuma wani baƙin ɓawo ya rufe wurin. Kakarsa ta ce da an zuba toka tun farko da ya fi saurin bushewa, shi kuwa yaron kullum yana sosawa yana ɓarewa. Ina roƙon bayani kan abin da ke tsayar da jini, da kuma ko ɓawon nan datti ne da ya kamata a cire.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba yaron lafiya. Ɓawon nan ba datti ba ne, jinin yaron ne da ya daskare ya bushe, kuma yana da aikin da yake yi.

Da zarar lauje ya yanke jijiyar jini, sai ta tsuke bakinta domin zubar ta ragu. Nan take wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira filatilet, waɗanda ɓargo ke ƙerawa kuma kowacce ke rayuwar kwana 7 zuwa 10, su taru a bakin yankan suna manne wa juna har su toshe kafar. Wannan toshiya ba ta da ƙwari, kamar ɗanyen yaɓe ne da ba a sa masa ciyawa ba, saboda haka sai wasu sinadarai da ke yawo cikin jini, waɗanda akasarinsu hanta ce ke haɗa su, su tashi ɗaya yana zaburar da ɗaya, har a ƙarshe a samu wasu siraran zarurruka masu suna fibirin. Zarurrukan su ne ke saƙa raga a kan raunin, ragar ta kama jajayen ƙwayoyin jini, ta zama gudan jini cikin mintuna kaɗan. Hanta ba ta iya kammala wasu daga cikin sinadaran sai da bitamin K, wanda ake samu a ganyaye irin su alayyahu, shi ya sa ma ake yi wa jarirai allurarsa ranar haihuwa a asibiti.

Idan iska ta bugi saman gudan jinin ya bushe, shi ne ɓawo. A ƙarƙashinsa ne ainihin aikin yake gudana. A kwanakin farko fararen ƙwayoyin jini suna cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama, kuma wannan ne dalilin ɗan kumburi da ɗumin da ake ji a gefen ciwo. Daga nan sai sabon nama ja mai laushi ya fara cike ramin, sabbin jijiyoyi su tsiro a cikinsa, fata kuma ta riƙa rarrafowa daga gefe zuwa tsakiya. Duk lokacin da yaro ya ɓare ɓawon, yana yage wannan sabuwar fatar ne tare da shi, sai jini ya sake fita, aiki ya koma baya, tabo kuma ya ƙara girma. A yanke masa farce, a rufe wurin da bandeji mai tsabta, ɓawon zai faɗi da kansa idan fatar ƙasa ta haɗe, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu ga ƙaramin yanka. Ƙaiƙayin da ke damunsa abu ne da aka saba gani lokacin warkewa.

Game da maganar Inna, na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, kuma haka muka taso muka gani a gidajenmu, amma ina roƙon kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko man birki a kan rauni. Bushewa da wuri ba ita ce warkewa ba. Tun a shekarar 1962 wani masani ɗan Ingila mai suna George Winter ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi ya fi wanda aka bari a iska saurin yin fata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cutar tetanus, mai kulle muƙamuƙi ta sandarar da jiki, domin ƙwayarta tana zaune a ƙasar gona da kashin dabbobi, kuma alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni. Tun da lauje ne ya yanke shi, ku kai shi cibiyar lafiya mafi kusa da katin rigakafinsa yau ko gobe, a duba ko yana buƙatar allura.

Idan irin haka ta sake faruwa, a danne wurin da tsumma mai tsabta na tsawon minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, sannan a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu a gefe, a shafa ɗan basilin, a rufe. A koma asibiti idan aka ga mugunya, ko wari, ko kumburin na ƙaruwa, ko zazzaɓi.

Tsayawar jinin ɗanku da kansa alama ce mai kyau. Akwai yara, akasari maza, da ke gadon ƙarancin ɗaya daga cikin sinadaran daskarewa ta wajen uwa, cutar da ake kira himofiliya, kuma sau da yawa ranar kaciya ake fara gane ta. Duk gidan da aka taɓa samun yaron da jininsa ya ƙi tsayawa, a je a yi gwajin jini a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kafin a kira wanzami.