Layi biyu a kan ceki: in karɓa ko in mayar?

Tambaya: Malam, sana'ata albasa a nan Sakkwato. Wani mai saye daga Kudu ya yi cinikin buhu 40, ya rubuta mini ceki, sai na ga ya ja layi biyu a kusurwar sama. Yaron shagona ya ce ko na kai banki ba za su ba ni kuɗi a hannu ba. Wayo aka yi mini?

Amsa: Alhaji, yaronka ya yi gaskiya, amma ba a cuce ka ba. Layukan nan biyu umarni ne ga banki cewa kada a ƙirga wa kowa kuɗi a kantar banki, asusu za su shiga. In ma an rubuta "A/C Payee Only" a tsakaninsu, to asusun mai sunan da ke kan cekin kaɗai.

Ɗaya nau'in, wanda ba layi kuma an bar kalmar "bearer" a jikinsa, tamkar tsabar kuɗi ne. Duk wanda ke riƙe da shi yana da hurumin karɓa. Ka sa shi aljihun gaba ka kutsa cunkoson Babbar Kasuwa, ya faɗi ko a zare shi, sai tsere tsakaninka da mai tsintuwa: ko ka riga ka sa a dakatar da biya, ko ya riga ka isa banki. Daɗinsa ɗaya, sauri. Shi ma saurin ya ragu, don tun Disamban 2022 Babban Bankin Najeriya ya hana biyan cekin wani a kanta in ya haura naira 100,000. Kuɗin buhu 40 kuwa ai sun wuce nan nesa.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne, layin nan ɓarawo yake tarewa, ba ya zuba ko sisi a asusun da ba komai. Ceki mai layi yana dawowa kamar kowane. Akwai dokar 1977 da ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya ba da ceki alhali ya san ba kuɗi, sai dai kafin a gama shari'a an daɗe da cinye albasarka a miya. Ka kai cekin yau, banki zai ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu na aiki yana tantancewa. Kada mota ta tashi sai ka ga alat.

Tambaya: Malam, na tarar da cekin da aka ba maigidana bara cikin aljihun tsohuwar riga. Zai yi aiki?

Amsa: Hajiya, duba kwanan watan da ke jikinsa. In ya wuce wata shida banki ba zai karɓa ba, da layi ko babu. Maigida ya koma wurin wanda ya rubuta ya ba shi sabo, kada ya gyara kwanan da bironsa.