Lasisina na Teksas zai ci a Kalifoniya kuwa?

Tambaya ta farko daga wata 'yar uwa ce dake Houston: "Anti dan Allah a bani shawara. Ni nas ce, a Najeriya nayi karatu, na ci NCLEX, jarabawar samun lasisin nas a Amurka, ina aiki a Teksas. Yanzu maigida ya samu aiki a Kalifoniya zamu koma, ga kuma wani ejan yana ta damuna wai in biyashi ya fitar min da lasisin duk jihohin Amurka a lokaci ɗaya. In biya ne?"

Toh ƙanwata ki riƙe kuɗinki tukun. Babu wani abu wai shi lasisin duk Amurka, duk wanda yace zai sayar miki dashi ko bai san aikin ba ko kuma aljihunki yake hange. Mu a gida mun saba lasisi ɗaya ne daga hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa, kiyi aiki dashi daga Sakkwato har Kalaba ba mai ce miki kala, shi yasa abin yake ruɗa mutanenmu. Can kowace jiha da hukumarta da dokarta, jarabawar NCLEX ce kawai ɗaya, ita kam ba sai kin sake zama ba.

Abinda ejan ɗin yake fakewa dashi inaga shine yarjejeniyar NLC, ba ta 'yan ƙwadago ba fa, wata yarjejeniya ce tsakanin jihohi da ta fara aiki a 2000 aka sabunta ta a 2018, jihohi wajen 40 ne a ciki kuma Teksas na daga cikinsu. In gidanki na dindindin yana ɗaya daga cikin jihohin nan kuma kin cika sharuɗɗa, ana baki lasisin da zaki yi aiki dashi a sauran, misali kina zaune a Teksas ki ɗauki kwantiragi a Oklahoma ba tare da wani sabon fom ba. Amma Kalifoniya bata ciki, New York ma haka. Sannan abin yana bin inda kike zaune ne, wato inda lasin tuƙinki da takardun harajinki suka nuna, kinga ranar da kika tattara kika koma Kalifoniya lasisin naki ya koma na Teksas kaɗai.

Abinda zakiyi shine ki nemi hukumar nas ta Kalifoniya ta baki nata bisa wanda kike dashi. Fom ɗin yana shafinsu, a ɗau zanen yatsunki, ki tura shaidar lasisinki ta Nursys, wato shafin da ake tantance lasisin nas a Amurka, sai kuma babban aikin, takardun makaranta. Kalifoniya tana da tsanani sosai akan wanda yayi karatu a waje, sai sun duba darasi bayan darasi da awannin da kika yi a aji da na asibiti, in suka ga giɓi sai suce ki je ki cike, kuma daga makarantar suke so takardun su fito kai tsaye ba daga hannunki ba. Wlh nan ne ake shan jira, dan haka tun yau ki sa wani naki a gida ya fara zarya ofishin rajista na makarantarku. Ni da nice bazan ajiye aikin Teksas ba sai lasisin can ya fito, maigida yayi gaba ki biyo baya in hali yayi. Kuma kar ki bari na Teksas ya mutu kafin nan.

Ta biyu daga Bronx: "Ina kitso a shagon wata anan New York, ƙawata tace in koma Dallas wai can ba'a neman komai. Gaskiya ne? Ko in haƙura in biya kuɗin makaranta anan?"

Ƙawarki tayi gaskiya a rabi. Tun 2015 Teksas, jihar da Dallas take, ta cire kitso daga sana'o'in dake buƙatar lasisi, ita kuwa New York tana da lasisi na musamman na gyaran gashi ba sinadari, awa 300 ake yi a makaranta. Amma kitso zalla ake nufi fa, kina fara shafa rilaksa ko rini kin shiga wani layin mai nashi lasisin ko a Teksas ɗin. In kwastomominki suna Bronx kuma nan kike son zama, ki biya kiyi awa 300 ɗin, ya fi sauƙi akan ki tashi ki je garin da sai kin fara neman kai daga farko. Sai dai kafin ki bada ko dala ɗaya ki tabbatar jihar ta amince da makarantar, in ba haka ba takardar da zasu baki bazata kai ki ga lasisi ba.